Shin Ko Kun San? Fetur Mai Dalma Bai Ƙare Ba, Sama Ya Koma

Shin ko kun san cewa fetur ɗin nan mai gubar dalma, wanda duniya ta yi shelar rabuwa da shi a 2021, har gobe ana ƙona shi a saman kawunan jama'a? A ranar 30 ga Agusta na waccan shekara, hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe da ke sayar wa masu motoci irin wannan mai, ta ƙarar da ɗan abin da ya rage mata. Aka yi ta murna. Sai dai sanarwar ta motoci ce kaɗai. Ƙananan jiragen sama masu farfela ba su shiga lissafin ba.

Kada hankalin alhazai ya tashi. Babban jirgin da ke tashi daga Kano ko Yamai zuwa Jidda ba ruwansa da wannan magana, domin shi dangin kananzir yake sha, wanda ake kira Jet A-1, kuma babu dalma a cikinsa. Waɗanda ake magana a kai su ne ƙananan jirage masu injin fistin, wato injin da aikinsa kusan ɗaya ne da na mota: fulogi ya ba da wuta, mai ya kama, fistin ya yi ta sama da ƙasa. Cessna 172 ne sarkinsu. Tun 1956 ake ƙera shi, an yi fiye da 44,000, kuma babu wani jirgi a tarihi da aka ƙera da yawa kamarsa. Da irin waɗannan ake koyon tuƙi, ake ɗaukar hoton ƙasa daga sama, ake kai wasiƙa da magani ƙauyukan da mota ba ta zuwa, masu hali kuma su yi shawaginsu na ƙarshen mako.

Ko kun san man nasu shuɗi ne? Rina shi ake yi da gangan don kada a rikita shi da wani. Sunansa a kasuwa 100LL, kuma kowace lita ɗaya an yarje mata ta ɗauki dalma har giram 0.56. Za ku ce ai kaɗan ne. To, a 1986, lokacin da Amurka ke kan hanyar yin sallama da fetur mai dalma na motoci, iyakar da ta sa wa kowane galan ita ce giram 0.1. Galan ɗin 100LL kuwa yana iya ɗaukar giram 2.12, wato fiye da ninki 20.

Me ya kai dalma cikin mai tun farko? Inji mai ƙarfi yana matse mai da iska sosai kafin ya kunna su. Idan man ba mai juriya ba ne, sai wani ɓangarensa ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Wannan fashewar tana dukan fistin kamar guduma, tana iya huda shi cikin ɗan lokaci. Ɗigon sinadarin dalma yana hana ta. Direban mota idan injinsa ya lalace sai ya gangara gefen titi ya kira bakanike, matuƙin jirgi kuwa ba shi da gefen titi. Wannan ita ce hujjar masu jirage, kuma gaskiya hujja ce mai nauyi, ba ta raini ba ce.

Shin ko kun san mutumin da ya gano wannan dabara shi ne kuma ya jagoranci samar da iskar firij da ta huda rufin da ke kare duniya daga zafin hasken rana? Thomas Midgley ke nan, injiniyan kamfanin General Motors a garin Dayton na jihar Ohayo. A Disambar 1921 ya gano amfanin sinadarin, a Fabrairun 1923 aka fara sayar da man. Kamfanin ya sa masa suna Ethyl, aka yi shiru da batun dalma a tallace-tallace. A Oktoban 1924 ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway ta jihar Niyu Jasi bayan sun zauce, wasu da dama aka kwantar a asibiti. Midgley ya fito gaban 'yan jarida ya wanke hannu da sinadarin, ya shaƙi tururinsa, don ya nuna ba komai. Alhali shi kansa a shekarar da ta gabaci wannan sai da ya tafi jinyar gubar dalma.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ɗaura auren jirage da dalma. Man dalma mai juriya lamba 100 ya ƙara wa jiragen Spitfire da Hurricane na Ingila ƙarfi a fafatawarsu da Jamus a 1940. Bayan yaƙi, kamfanonin Lycoming da Continental suka ci gaba da zana injunansu bisa cewa irin wannan mai yana nan kullum. Da yawa daga cikin jiragen da ke tashi yau sun haura shekara 40, kuma ana kula da su yadda za su ƙara wasu 20. Mota takan tsufa a yar da ita, jirgi kuwa sai dai a yi masa garambawul ya koma sama.

Ko kun san mai neman shekarun duniya ne ya tona asirin? Clair Patterson, masanin duwatsu a Kalifoniya, yana auna dalma don gano tsufan duniya, wanda ya ce shekara biliyan 4.55 ne a 1956. Duk abin da ya taɓa a ɗakin gwajinsa sai ya tarar ya gurɓata da dalma. Ya bi diddigi har cikin teku da ƙanƙarar Girinlan, ya gano daga salansar motoci take fitowa. A 1979 likita Herbert Needleman ya auna haƙoran da yara suka famfare, ya nuna cewa masu dalma da yawa a jiki sun fi koma-baya a fahimta da natsuwa a aji. Daga nan aka fara kora: Amurka ta haramta fetur mai dalma ga motoci a 1996, Tarayyar Turai a 2000, ƙasashen Afirka kudu da Sahara a farkon 2006. Hatta masu tseren motoci na NASCAR sun bari a 2007.

Shin ko kun san cewa yanzu kusan kashi 70 cikin 100 na dalmar da ake fesawa cikin iskar Amurka daga waɗannan jirage take fitowa? Ƙasar tana da su wajen 170,000, kuma a 2017 an ƙiyasta sun fitar da dalma kimanin tan 470. Hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ce mutane sama da miliyan 5 ne ke zaune a tazarar mita 500 daga hanyoyin tashin jirage, cikinsu akwai yara 'yan shekara biyar zuwa ƙasa fiye da 360,000.

A nan ya kamata mu ɗan dakata a wani ƙaramin filin jirgi mai suna Reid-Hillview, a gabashin birnin San Hose na Kalifoniya. Gidaje da makarantu sun kewaye shi ta ko'ina, kuma mazauna unguwar galibi masu ƙaramin ƙarfi ne, 'yan asalin Latin Amurka da Biyetnam. A 2021 ƙaramar hukumar Santa Kilara ta fitar da binciken da ta sa masani Sammy Zahran ya jagoranta, inda aka duba sakamakon gwajin jini sama da 17,000 na yaran yankin, na tsawon shekara goma. Abin da aka gani ba ya buƙatar dogon sharhi. Yaron da ya fi kusa da filin ya fi dalma a jini. Wanda gidansu ke ɓangaren da iska ke kaɗawa ya fi wanda ke ɗaya ɓangaren. Watan da jirage suka yawaita tashi, adadin ya hau. Lokacin kullen korona da zirga-zirga ta ragu, ya sauka. Masu binciken sun kwatanta ƙarin da aka samu a yaran ɓangaren iska da wanda aka gani a yaran garin Filint na Mishigan lokacin badaƙalar ruwan famfo. Daga 1 ga Janairun 2022 ƙaramar hukumar ta daina sayar da mai mai dalma a filin. Sai dai ba ta da ikon hana jirgi ya sha mai a wani gari ya zo ya sauka.

Mu nan ba baƙin dalma ba ne. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma, sanadin dakan duwatsun zinare a cikin gidaje. Adalci ne a faɗa cewa abin da hayaƙin jirgi ke sa wa jini bai ko kusa da wancan ba. Na jirgi ba ya kwantar da yaro, ba ya sa shi farfaɗiya. Ɗan abu yake gutsura daga kaifin ƙwaƙwalwa, ba wanda zai lura, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Ko kun san kanikawan jirage ma ba ƙaunar dalmar suke ba? Tana daskarewa a bakin fulogi har ya daina ba da wuta, tana ɓata baƙin mai ya zama dole a riƙa juye shi akai-akai. Don kada ta taru a inji ake ƙara wani sinadari da ke kwashe ta ya fitar ta salansa, wato a tsare inji a bar wa na ƙasa.

To me ya hana a daina? Lissafi ne. Wajen kashi 70 cikin 100 na jiragen za su iya tashi lafiya da mai marar dalma. Amma sauran kashi 30 ɗin, masu manyan injuna da ke aikin haya da jigila, su ne ke shan mafi yawan man. Ƙaramin filin jirgi kuwa sau da yawa tanki ɗaya gare shi, don haka sai ya zuba wanda kowa zai iya sha. Ga kuma ƙanƙantar kasuwa: duk abin da ƙananan jiragen Amurka ke ƙonawa a shekara bai kai abin da motocin ƙasar ke sha a yini ɗaya ba. Wane babban kamfanin mai ne zai zuba kuɗin bincike a kan wannan? Fetur ɗin mota ma ba mafita ba ne ga yawancinsu, saboda barasar masara da ake gauraya masa tana jan ruwa, tana cin robobin bututun mai.

Shin ko kun san masana'anta ɗaya ce tal ke samar wa ƙasashen Yamma sinadarin dalmar da ake sa wa man jirage? Tana Ellesmere Port a Ingila, mallakar kamfanin Innospec. A 2010 kamfanin ya amsa laifin ba da cin hanci a Indonesiya da Iraƙi don a ci gaba da sayen hajarsa. Ranar da wannan masana'anta ta rufe ƙofa, jirage dubbai za su zauna a ƙasa, ko an shirya ko ba a shirya ba.

Madadin kuwa akwai shi. Kamfanin Hjelmco na Siwidin ya fara sayar da man jirgi marar dalma tun 1981. A Amurka Swift Fuels yana sayar da UL94, wanda ya dace da ƙananan injuna. A Satumbar 2022 hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar ta amince da G100UL, na wani ƙaramin kamfani mai suna GAMI da ke garin Ada a Oklahoma, don kusan dukkan injunan fistin masu fulogi. Amma hanyar ba ta miƙe ba. Jami'ar Dakota ta Arewa, mai ɗaya daga cikin manyan makarantun tuƙi, ta koma UL94 a 2023, bayan 'yan watanni ta dawo 100LL saboda ta ga mazaunin bawul na zaizayewa a wasu injuna. Shi ma G100UL wasu masu jirage sun koka cewa yana ɓata fenti da robobi, kamfanin kuma yana musantawa. Ana nan ana ta ja-in-ja.

Ko kun san a Zariya wahalar samun man ce ta yi aikin da doka ba ta yi ba? Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama da ke can, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana horar da ɗalibai da jiragen Tampico masu shan wannan mai, wanda sai an shigo da shi daga waje da tsadar gaske. Daga baya ta sayo jiragen Diamond na Ostiriya, masu injin da ke shan Jet A-1, man da ake samu a kowane babban filin jirgi.

A Amurka kuwa, tun 2006 ƙungiyar Friends of the Earth ta shigar da koke kan hayaƙin dalmar jirage. Sai a Oktoban 2023, bayan shekara 17, hukumar kare muhalli ta yanke a hukumance cewa hayaƙin yana barazana ga lafiyar jama'a. Gwamnati da masu masana'antar sun sa wa kansu wa'adin ƙarshen 2030. Amma dokar da majalisar ƙasar ta yi a 2024 ta wajabta wa filayen jiragen da ke cin tallafin tarayya su ci gaba da samar da 100LL har zuwa lokacin, sai fa in an sami madadin da kowa ya amince da shi. Alaska, inda yawancin garuruwa ba su da hanyar mota, an ƙara mata zuwa 2032. Uzurin Alaska na yarda da shi. Na wanda ke shawagin nishaɗi a saman makarantar firamare kuwa ban gan shi ba. Ko da wa'adin 2030 ya tabbata, kuma ban ce zai tabbata ba, fetur mai dalma zai bar kasuwa ne bayan shekara 107 da fara sayar da shi.