Raddi Ga Masu Cewa Biyan Kuɗi Don Ma'adana Mai Sauri Asara Ne

Duk wanda ya taɓa raka wani sayen laftop, a Titin Beirut na Kano ne ko a Banex ta Abuja, ya san tambayoyi biyun da ake fara yi: "Core nawa ce?" da "Giga nawa ce?" Mai shago shi ma ya san abin da kunne ke so. Sai ya ɗago guda ya ce, "Alhaji, wannan tera ɗaya ce cur, waccan kuwa 256 kacal, kuma ta fi tsada." A nan ciniki yake ƙarewa. Hujjar da ke ƙarƙashin wannan zaɓi ta zauna a zukatan mutane da yawa, har da waɗanda suka daɗe da kwamfuta a hannu: wai had dis sito ne kawai, sito kuwa girmansa ake dubawa, sauri aikin furosesa ne.

Ina girmama masu wannan ra'ayi, domin akwai lokacin da suke kan gaskiya. Shekarun baya, in aka ce ma'adana mai sauri a laftop, ana nufin faifan da ke juyawa sau 7,200 a minti maimakon 5,400. Mai 5,400 yana zagaye 90 a daƙiƙa, don haka allurar da ke karanta shi takan jira kimanin milisakan 5.6 kafin wurin da take nema ya zagayo. Mai 7,200 ya rage jiran zuwa 4.2. Ƙarin kuɗi, ƙarin zafi da cin batir, duk a kan milisakan ɗaya da 'yan kai. Wanda ya ce bai ga riba ba a wancan zamani, bai yi ƙarya ba.

Sai dai kasuwa ta tashi daga nan tuntuni. Zaɓin yau tsakanin faifai mai juyawa ne da SSD, kuma ba dangi ɗaya ba ne. Had dis yana nan a kan tsarin da IBM ta fito da shi a 1956: faifai mai maganaɗisu da hannun ƙarfe mai kai da kawo. SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa. Ƙwayoyin lantarki ne irin na filas, fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan cikin shekarun 1980.

Mu tsaya a kan misalin sito ɗin, tunda su suka kawo shi. In furosesa ce mai shago, RAM kantar da ke gabansa, to had dis sito ne da ke bayan layi, kuma yaro ɗaya ne ke zuwa ɗauko kaya, ɗaya bayan ɗaya. Komai zafin naman mai shago, zai riƙa tsayuwa hannu a ƙugu yana jiran yaro. Kunna Windows, buɗe Word ko Chrome, duk ɗauko dubban ƙananan fayiloli ne da ke warwatse a wurare daban-daban. Kowane ɗaya sai hannun ya matsa, faifan ya zagayo, abin da kan kai milisakan 15 a laftop. A daƙiƙa guda da ƙyar a ɗauko ɗari. SSD yana kai wa ga kowane a kusan kashi ɗaya cikin goma na milisakan, yana kuma iya biyan buƙatu dubbai a daƙiƙar nan guda. Shi ya sa za ka ga Core i7 mai had dis tana ɗaukar fiye da minti kafin ta farfaɗo, Core i5 mai SSD kuwa ta tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Ba sai ka yarda da ni ba. Ranar da laftop ɗinka ta fara nawa, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Sau da yawa za ka tarar furosesa tana hutawa a ƙasa da kashi 20, layin had dis kuwa ya cika 100, fitilarsa ta ƙi ɗaukewa, in ka kara kunne ka ji shi yana ƙas-ƙas. Abin ya fi muni in RAM ɗin giga 4 ne, domin da ya cika sai Windows ta riƙa sauke kaya a had dis tana sake ɗaukowa. Mutane kan ɗora laifin a kan bairos, a kai wa mai gyara ya yi fomatin, bayan wata ɗaya a koma gidan jiya.

Ga kuma hanya. Allurar had dis tana shawagi ne a saman faifai da tazarar da ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Laftop ɗin da ake rufewa a jefa a jaka a hau Keke Napep, ko ta zame daga cinya tana kunne, tana wasa da furojet ɗin ɗalibi ne.

Masu cewa SSD yana saurin mutuwa saboda yawan rubutu, su duba lissafi. Samsung ta ba 870 EVO mai giga 500 garantin shekara 5 ko rubutun tera 300. Mai rubuta giga 20 kullum sai ya yi shekara 40 kafin ya kai wannan adadi. Gaskiyar da ke cikin tsoronsu ita ce, in SSD ya mutu yakan mutu ba sallama, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi wuya. Maganin wannan ajiye kwafi ne a wani wuri, wanda dama wajibi ne ko da wace ma'adana kake amfani.

Akwai inda nake tare da masu cewa asara ne har yanzu. SSD ba ya ƙara wa intanet gudu. Haka nan shi ma hawa-hawa ne: mai amfani da SATA yana tsayawa a wajen mega 550 a daƙiƙa, NVMe yana kai 3,500, sababbinsa 7,000 ko fiye. Ga mai buga takardu, bincike da kallon fim, bambancin waɗannan da ƙyar ido ya gan shi, don haka kada a ruɗe ka da manyan lambobi. Mai tace bidiyon biki ko fim shi ne zai ci moriyarsu, kuma shi ne ke da buƙatar tera da gaske. Ko shi ɗin, aiki a kan SSD zai yi, tsofaffin bidiyo ya tara a had dis na waje.

Sauranmu kuwa, nawa ne cikinmu suka taɓa cika rabin tera ɗayan da suka biya wa kuɗi? In laftop ɗinka ta hannu ce irin EliteBook, Latitude ko ThinkPad, yawancinsu cire had dis a sa SSD aikin 'yan mintuna ne da sukurdireba. Tsohon a sa shi a ɗan akwatin USB ya zama na ajiya. A saya a wurin wanda zai karɓa in ya ba da matsala, domin jabu sun yi yawa.

In kuwa sabon saye za ka yi, ka ce mai shago ya kunna ta a gabanka, ya buɗe Task Manager ka ga abin da aka rubuta a kan ma'adanar, HDD ko SSD. Tsakanin tera ɗaya na faifai da giga 256 na SSD, ɗauki 256 ɗin, ka biya bambancin.