Hannun Magini

Maginin ƙasa da ƙafa yake fara aiki. A haƙo jar ƙasa, a zuba mata ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta jiƙu kwanaki, sannan a mulmula tubali a shanya. Rufi kuwa sai azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Amma azara ba ta iya ɗaukar nauyin faffaɗan ɗaki, shi ya sa magina suka fito da bakan gizo: a jera azara daga bango biyu, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure da igiya, a yaɓe, har su haɗu a sama. Duk wanda ya ɗaga kai a tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu a shekarun 1830, ya ga iyakar gwaninta.

Yau masu zanen gini da dama sun gaji da akwatunan kankare da gilashi, sun waiwayo gida. Abin farin ciki ne. Sai dai yawanci kamanni kawai ake ɗauka: a kafa zankwaye na siminti a saman bene, a manna dagi a ƙofa. Da rana ta take, cikin ya zama tanda. Sanyin soro daga kaurin bangon ƙasa yake fitowa, kuma wannan ilimi a hannun magini yake.

A jihar Tawa ta Nijar an bi wata hanya. Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara masallacin Yama a 1962, ya yi ta ƙari har hasumiyoyi huɗu suka tashi, kowace da siffarta. A 1986 aikin ya samu kyautar Aga Khan. Can a Dandaji, da tsohon masallaci ya tsufa, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon jar ƙasa da aka matse da inji. An kammala a 2018. Abin da ya fi burge ni shi ne sun kirawo maginan da suka yi ginin farko, aka yi gyaran tare da su.

Wannan kiran nake so in ji a Kano da Katsina da Zariya, tun dattawan da suka san haɗin makuba da laso suna da ƙarfin hawa tsani su nuna wa yara.