Tsufa da Tuƙi: Ido Ne Ke Fara Gajiya

A Ingila, da zarar direba ya cika shekara 70, sai ya riƙa sabunta lasisinsa duk bayan shekara 3, kuma dole idonsa ya iya karanta lambar mota daga nisan mita 20. Japan ta fi tsaurarawa: wanda ya kai shekara 75 sai an gwada ƙwaƙwalwarsa kafin a sabunta masa.

Dalilin a fili yake. Yanar ido takan shigo sannu a hankali, mai ita bai ankara ba. Na taɓa zama gefen kawuna, tsohon direban tirela, muna tafe bayan magariba. Fitilar wata mota ta haske shi, sai na ga ya runtse ido, ƙafarsa tana laluben birki. Gwaninta tana nan daram, gani ne ya ragu.

A Najeriya, lasisi na shekara 3 ne ko 5. Ina roƙon dattawanmu kada su jira ranar sabuntawa. Su je a duba musu ido da hawan jini duk shekara, su bar wa 'ya'yansu tuƙin dare. Mu kuma mu gaya musu gaskiya cikin ladabi, domin rayukan da ke bisa hanya amana ce a wuyan kowane direba.