Yadda Hindu Su Ke Raya Zuciya

Ya kai mai karatu, ka sani zuciya kamar wutar murhu ta ke, in ba a iza ta sai ta mutu. Hindu na ƙasar Indiya suna da wata hanya ta iza ta, sunanta bakti, watau bauta don ƙauna.

Manyan littattafan addininsu cikin harshen Sansikirit su ke, malamai kaɗai ke gane su. Sai wani malami, Caitanya, wanda aka haifa a ƙasar Bangal cikin 1486, ya riƙa fita da jama'a cikin gari da ganguna, suna maimaita sunan Kirishna, abin bautarsu. Mai ja ya ja, saura su amsa. Da haka wanda bai iya karatu ba ya sami rabo, mai kasala kuma ya wartsake.

Addininsu dabam, naka dabam, amma dabarar ba baƙuwa ba ce gare ka. Nana Asma'u, ƙanwar Sarkin Musulmi Bello, wanda ya rasu a Wurno cikin 1837, da waƙoƙi ta karantar da matan ƙauye ta hannun 'Yan Taru. Abin da aka rera tare ya fi zama a zuciya.