Sabunta Rancen Gida da Batun Haraji

Ma'aikata da yawa waɗanda suka gina gidajensu da rance, irin na unguwar Tunga a Minna, sukan kai lokacin da za su nemi sabon rance daga wani banki, su biya sauran tsohon bashin, su sake jinginar da gidan. Wani don kuɗin ruwa ya yi masa nauyi ne, wani kuwa don ya sami rarar kuɗi a hannu. Tambayar da takan biyo baya ita ce: shin za a ɗora wa wannan kuɗi haraji?

Amsa ita ce a'a. Rance ba samu ba ne, tun da yake dole a mayar da shi. Saboda haka ko naira miliyan nawa banki ya zuba wa mutum, ba a lissafa shi cikin kuɗin shigarsa. Haka kuma uwar kuɗin da yake biya wata-wata ba ta rage masa haraji.

Inda magana take shi ne kuɗin ruwa. Dokar Harajin Kuɗin Shiga ta 1993 ta yarda a cire ruwan rancen da aka ci don gina gidan da mai shi yake zaune a ciki, kuma Dokar Haraji ta Nijeriya ta 2025, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2026, ta riƙe wannan rangwame. Watau abin da doka take dubawa shi ne inda kuɗin ya tafi, ba abin da aka jinginar ba.

Alal misali, a ce wani malami a Tunga ana binsa sauran naira miliyan biyar na ginin gidansa. Ya karɓi sabon rance na miliyan tara, ya biya biyar ɗin, ya ƙara ɗakuna biyu da miliyan biyu, sauran biyun kuma ya sayi mota. Yana da hujjar neman rangwame a kan ruwan miliyan bakwai, gama asalinsu gini ne. Amma ruwan kuɗin mota ba shi da rabo, ko da yake gidan ne jingina. Haka hukuncin yake in an kashe kuɗin a biki ko kuɗin makaranta. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, har a zo a bi su cikon haraji.

A lura kuma, ana cire ruwan ne daga jimlar kuɗin shiga kafin a yanka haraji, ba daga harajin kansa ba. Kashi biyu da rabi cikin ɗari da ma'aikaci yake zubawa a Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 a hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, shi ma ana cire shi. Rangwamen haya kuwa, kashi ashirin cikin ɗari na kuɗin hayar shekara har zuwa naira dubu ɗari biyar, na 'yan haya ne kaɗai.

Rangwame ba ya zuwa da kansa, sai an nema a rubuce. Mazaunin Minna zai gabatar wa Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Neja yarjejeniyar tsohon rance da ta sabo, da takardar banki mai nuna ruwan da ya biya a shekara, da rasiɗan siminti, kwano da ladan magina. Wanda ya gauraya kuɗin gini da na cefane a asusu ɗaya zai sha wuyar rarrabe su.

Kafin sa hannu, ya kamata mai gida ya ƙidaya sauran ɗawainiya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta samun amincewar Gwamna kafin a jinginar da fili mai satifiket, ga kuɗin hatimi da na rajista, ga ladan lauya. Sau da yawa waɗannan sukan cinye sauƙin da ya hango a sabon rancen, musamman in shekarun biya da suka rage kaɗan ne.