Me Ya Sa Ake Hukunta Mai Laifi?

Jama'a, a ce an wayi gari a wani ƙauye na ƙasar Zango, an kama wani saurayi da akuyar sata zai tsallaka da ita iyakar Nijar. Nan da nan mutane za su taru. Wani ya ce a doke shi. Wani ya ce a kai shi gaban alƙali. Wani dattijo ya ce a yi masa faɗa a sake shi. Mai akuya kuwa dabbarsa kawai yake so.

Hukunci abu ne mai ciwo. Ɗauri yana raba mutum da iyalinsa da gonarsa. Tara tana cinye abin hannunsa. Idan kai ka kulle maƙwabcinka a ɗaki, ka yi laifi. To, me ya ba alƙali damar ɗaure mutum? Malamai da masana sun daɗe suna tunani a kan wannan tambaya. Ga manyan dalilai biyar da suka kawo.

Na ɗaya: Sakayya

Abin da mutum ya shuka shi zai girba. Wanda ya cuci wani da gangan ya cancanci hukunci daidai da laifinsa. Wani masani na ƙasar Jamus mai suna Kant, wanda ya rasu a 1804, ya tsaya a kan wannan dalili. A ganinsa, ana hukunta mutum ne domin ya yi laifi, ba domin a yi amfani da shi a tsorata wasu ba. Wannan dalili yana da iyaka. Ba a yi wa ɓarawon kaza hukuncin mai kisan kai.

Na biyu: Jan kunne

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Idan samari suka ga an hukunta ɓarawon akuya, za su yi tunani kafin su taɓa ta wani. A 1764 wani mutumin Italiya mai suna Bekariya ya yi bayanin cewa ba tsananin hukunci ne ya fi hana laifi ba. Abin da ya fi hanawa shi ne mai laifi ya tabbata za a kama shi, a hukunta shi ba da ɓata lokaci ba.

Na uku: Kare jama'a

Akwai wanda idan aka bar shi a gari ba mai barci da ido biyu. Ɗan fashi da mai satar shanu da makami suna cikin irin waɗannan. Ana tsare su ne don mutane su je gona da kasuwa lafiya.

Na huɗu: Gyaran hali

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yawancin waɗanda aka ɗaure wata rana gida za su dawo. Idan suka dawo ba sana'a ba karatu, ina aka dosa? A zamanin da, dogarai ke kamo mai laifi, yari kuma ya tsare shi. Daga nan aka sami sunan gidan yari. A 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a kan dokar da ta mai da hukumar gidajen yari ta zama hukumar gidajen gyaran hali. Dokar ta ƙarfafa koyar da sana'a da karatu. Ta kuma tanadi hukuncin da ba ɗauri, kamar yi wa jama'a aiki, ga masu ƙananan laifuka.

Na biyar: Mayar da haƙƙi

Idan shanu suka yi ɓarna a gonar gero, ɗaure makiyayi ba zai cika rumbun manomi ba. Shi ya sa mai unguwa da dagaci kan duba ɓarnar, a yi mata kuɗi, a biya. A shari'ar Musulunci ma, dangin wanda aka kashe suna da zaɓi: kisasi, ko karɓar diyya, ko yafewa.

Dalili ɗaya ba ya isa

Da jan kunne kaɗai ake nema, da sai a kama ko wane ne a hukunta shi don mutane su tsorata. Wannan zalunci ne. Da gyara kaɗai ake nema, da wanda aka cuta zai ga an manta da shi. Alƙali nagari yakan auna dukkansu. Yakan duba girman laifi, da shekarun mai laifi, da halin da yake ciki. Malamai sun kawo labarin cewa Sayyidina Umar bai yanke hannun ɓarayi ba a shekarar yunwa.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kafa sharuɗɗa. Duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar da laifinsa a kotu. Dole a ji ta bakinsa. Ba a hukunta kowa sai a kan laifin da ke rubuce a doka. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara.

Mu koma kan saurayin nan. Idan taro ya rufe shi da duka, ba wanda ya ji ta bakinsa. Wataƙila sayen akuyar ya yi a hannun ɓarawon. Idan ya mutu, ba ɗaukaka ƙara, kuma waɗanda suka doke shi sun zama masu kisan kai.

Saboda haka, in an kama wani, a kai shi wurin mai unguwa ko 'yan sanda. Wanda ya ga abin da ya faru ya je ya ba da shaida, ya faɗi gaskiya. Wanda ya gama zaman hukuncinsa ya dawo gari kuwa, a ba shi fartanya, a bar shi ya nemi abincinsa.