Gawar 505 ce ke raya tsohuwar Fijo a Paspanga

A Wagadugu mota ba ta mutuwa gaba ɗaya. Bi garejojin Paspanga, za ka tarar da Fijo 504 da ta girmi direbanta, amma rabin cikinta kayan ƙanwarta ne, 505.

Faransa ta fara ƙera 504 a 1968, kamfanin Fijo na Kaduna kuma ya ci gaba da haɗa ta har bayan shekarar 2000, shi ya sa hannun kanikawanmu ya saba da ita. Abin da suka fi farauta shi ne giyabos mai giya biyar daga matacciyar 505, su ɗaura wa 504 mai giya huɗu. In ka hau hanyar Bobo sai ka ji injin ya daina kururuwa, shan mai ma ya ragu.

Sauran kayan ta Lome da Tema suke shigowa, cikin gwanjon da muke kira France au revoir. To nan fa ake kuka, don injin da ke kwance a ƙasa ba ya magana. Wani dattijon bakanike ya koya min in buɗe murfin mai: in na ga fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya haɗu da mai ke nan, in ajiye kuɗina har a tayar da shi a gabana.

Ni birki ne ke damuna. Da wuya ka ga wanda ya ƙara wa mota gudu ya tambayi kuɗin birki, ga gari cike da babura.